Gangar da Kunne Ba Ya Ji

Ƙarfe biyun dare a Yalwa,
daga ni sai gurnanin firji.
Na jera faranti shida na gilas,
ƙwayoyin ƙashin mutum na kwance a ciki,
a ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka surka.

Uku na sa tsakiyar zoben waya,
jan ƙarfe naɗe kamar gammo.
Uku na ajiye can nesa, 'yan kallo,
su ne shaiduna ran hisabi.

Na murɗa makunni.
Ba ƙara, ba zafi, ba ko tartsatsi.
Maganaɗisu ne ke zuwa yana komawa
sau goma sha biyar kafin in ce ɗaya.
Ganga ce da kunne ba ya ji,
amma an ce ƙwaya na gane kiɗanta,
ta buɗe 'yan ƙofofin jikinta,
ta ɗaura ɗamara, ta kama gini.

An ce.
Ni dai aikina ƙirga.

Baba Ilu na kwance a Gwallaga
wata bakwai ke nan cur,
tun da babur ya watsar da shi a shataletalen Wunti.
Maɗori ya jera kara, ya tofa, ya ɗaure,
likita ya sa ƙarfe, ya ɗinke,
ƙashi ya ce bai ga dama ba.
Bakin karaya biyu na hararar juna
kamar 'yan'uwan da gado ya raba.

Ya ce, "Asabe, me kike yi can har asuba?"
Na ce, "Ƙashi nake wa kiɗa."
Ya yi dariya har ƙafar ta amsa:
"To, turo min makaɗan gida."

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Kafin Bappa maigadi ya tada janareta
minti huɗu sun zube ƙasa.
Na rubuta su da jan biro,
ko da ba wanda ya gani sai Allah da agogo.

Kwana tara, na sa ido a madubi.
Farantin farko ya yaɗu kamar kabewa a juji.
Na biyu ya ɗan taɓuka.
Na uku kuwa, ko gezau,
shi da 'yan kallo ba ka rabewa.

Zuciya ta raɗa min: ɗauki biyu, bar ɗaya.
Na daɗe biro na rawa a hannuna.
Faranti ba ƙafa ba ne, na sani,
tsakaninsu akwai shekaru,
akwai wasu darare irin wannan,
wataƙila na wata da ba a haifa ba tukuna.
Na rubuta uku.

Da hantsi na biya na sayi masa,
na kai masa da zafinta a leda.
Ya ce, "Yaya, sun taka?"
Na ce, "Biyu sun taka, ɗaya ya ƙi."
Ya gutsura, ya dubi ƙafarsa,
ya ce, "Wannan ɗayan ɗan gidanmu ne.
Kada ki fasa masa kiɗan."