Ragon da Ake Kira Direba

Saura kwana huɗu Babbar Sallah
babansu ya dawo daga Zango da rago,
an ɗaure shi a gindin gwaiba.
Zakwan ya ce sunansa Direba.
Safwan ya ce e, Direba ne, amma nawa ne.
Daga nan aka fara.

Ni ce Maman Tagwaye a layinmu na Badarawa,
sunana na yanka ya ɓata shekara huɗu ke nan.
Kofi biyu nake saye, soso biyu, balo biyu.
In na ce wa ya zubar da manja a tabarma,
yatsu biyu ke tashi,
kowanne na nuna ɗan'uwansa.

Sun ba Direba dusa, sun ba shi biskit,
sun ba shi alayyahon da na yanka don miya.
Na kama Safwan yana goge masa haƙori
da burushin babansu.
Ban faɗa wa babansu ba. Har yau.

Telan Kasuwar Barci ya cika alkawari daren jajibere,
shadda ruwan toka, ɗinki ɗaya, aljihu ɗaya.
Ruwa ya kwana yana zuba.
Kafin a tafi idi Zakwan ya gwada zurfin kwata,
ya dawo rabinsa toka, rabinsa jar laka.
Safwan ya dube shi, ya dubi tasa rigar mai tsabta,
ya fita ya gyara bambancin.

Da aka sauko, na kulle su a ɗaki da wayata.
Ashe labule yana da huji.
Shiru ya yi yawa, irin shirun da uwa ke tsoro.
Da na buɗe, suna zaune bayansu a bango,
ba kuka, ba magana,
ido huɗu a kaina kamar ni na riƙe wuƙar.

Na ɗora tukunyar kayan ciki, ta ƙi tafasa.
Kakarsu Hajiya Tasalla ta tafa hannu:
"Kin ɓata wa 'yan biyu rai, yau sai dai a ci ɗanye.
Je ki ba su haƙuri."
Na duba, gas ne ya ƙare.
Duk da haka na je na ba su haƙuri.

Ranar ba su ci nama ba,
gurasa da shayi suka yi Sallah da shi.
Washegari ƙamshin suya ya zagaya gida,
na ga hannu ya leƙo ta bayan turmi, ya koma.
Can wani hannun, irinsa sak.
Zakwan na taunawa yana tambaya,
"Mama, wannan ba Direba ba ne ko?"
Na ce ci, kada ya huce.

Yawon Sallah har Kawo, gidan kawunsu.
A keke suka ƙirga kuɗin barka da Sallah,
ɗari biyar ta tsage gida biyu wajen rabo.
Takalmi ɗaya ya sauka a hanya bai yi sallama ba,
mun dawo da ƙafa huɗu, takalmi uku.

Yanzu dare ya yi, an ɗauke wuta,
ina musu fifita da murfin kwali.
Sun yi barci a harɗe, ban san ƙafar wa ke wuyan wa ba.
Na ɗaga matashi in gyara,
sai ga ƙaho, an wanke shi da sabulun wankana.
Na ɗaga ɗayan. Shi ma.

Litinin za a koma makaranta.
Na ce wa maƙwabciyata zan yi barci har azahar.
Ta ce haka na faɗa bara,
amma tun sha ɗaya ina bakin ƙofa
da mayafi a kafaɗa.