Abin da Bututu Ya Koya Mini

Ni ne Bappayo, mai gyaran famfo a Jekadafari,
sirrin gidajen unguwa a bututu nake ganinsa.
Wata Talata na zura waya a masan wani otal,
na jawo kwaroron roba kamar hanjin akuya,
sun kanannaɗe, sun toshe hanya, ko alamar ruɓewa babu.
Mai otal ya kau da kai, ni ma na kau da nawa,
na karɓi kuɗina, na wanke hannu da omo sau uku.

Ban san zancen zai biyo ni gida ba.

Da aka yi wa Rumasa'u aiki a haihuwar Bilyaminu,
likita ya ce shekara biyu, a bar cikin ya huta.
Ta sha ƙwaya, kanta ya riƙa sara kamar ana faskare,
allura kuma ta birkita mata lissafin wata.
Wani dare tana ninke zanen goyo, ba ta ko dube ni ba,
ta ce, “Ni na ɗauki nawa nauyin. Saura kai.”

Na tafi can Tashar Dukku inda ba a san fuskata ba,
wurin mai tebur da ke sayar da batir da alawa.
Kwalin ya sha rana har hotonsa ya koɗe.
Ya ce mai ƙamshin ayaba ne, kuma ya fi sauƙi.
Na soke a aljihu kamar wanda ya sato.
Kwana uku Rumasa'u na zama cikin ruwan ɗumi,
ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi, ga kunya ta ɗaure mata baki.
An ce araha ba ta ado.
Ni na ga ba ta ma barin barci.

Sai muka je tare wurin Sista Rifkatu 'yar Kaltungo,
mai kemis a Bolari, wadda ba ta iya raɗa ba.
Ta sa tabarau, ta juya kwalin, ta ja tsaki:
“Wa'adinsa ya wuce tun bara, lambar hukuma ma babu.
Kai da ba ka ɗaura tiyon da rana ta gasa,
yaya ka kai wa matarka robar da ta yini a bakin titi?
Ƙamshi na kwalba ne, ba na cikin jiki ba.
Ɗauki marar launi, marar turare, wanda ba a cika masa sinadari ba.
Man kaɗanya da basilin, nesa da shi, cinye shi suke yi.
In kuma robar ce kanta jikinta ya ƙi,
ku dawo, akwai wani iri.”

Na ce, Sista, wanne ne ƙasa ke iya ci?
Ta yi dariya har tabaran ya zame.
“Na ƙaron itace ya fi kusa da ƙasa,
amma shi ma ba yau ba, ba gobe ba.
Kar hoton ganye a kwali ya ruɗe ka.
Ƙulle bakinsa, naɗe a takarda, sai kwandon shara.
Ba masai ba, ba kwata ba,
kar yaran layi su tsinta su hura balan-balan.”

Yanzu suna ƙasan akwatinta, ƙarƙashin atamfofi,
inda zafin kwano ba ya kaiwa.
Bilyaminu ya fara dafa bango.
Uwarsa ta yi kumatu, ta koma kan keken ɗinkinta.

Jiya da aka yi ruwa na tsaya a bakin kwari,
ina kallon ledoji suna tseren zuwa gangare,
ina tunanin kifin da zan saya a Dadin Kowa.
Da safe na koma wurin mai otal, ba a kira ni ba,
na ce ya sa bokiti mai murfi a kowane ɗaki.
Ya ce, “Ai cinikinka za ka kashe.”
Na ce na sani.