Aikin Gida a Aliero

Ran Laraba na cika allo da sunaye:
kamance, siffantawa, mutuntarwa.
Alli ya ƙare a tsakanin yatsuna,
ɗalibi arba'in da bakwai, ba mai motsawa.

Sahabi ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, wanga abu hwa babu shi gidanmu,
mu albasa munka sani, da injin ban ruwa."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Na share allon, na bar shi wayam,
na ce ku tafi, kar wanda ya buɗe littafi,
kunne kawai za ku buɗe a tsakar gida da tasha,
gobe ku kawo min abin da kuka ji ana cewa.

Alhamis, Luba ta miƙe tana ƙunshe dariya:
"Kakata ta dubi ƙanena bayan tuwo,
ta ce cikinai awa buhun 'yan Ikko,
wanda aka ɗinke wa hula don cikawa."
Na ce riƙe wannan "awa" da kyau,
ita ce "kamar", ita ce "tamkar",
kwale-kwale ce tsakanin ciki da buhu.
Kamance ke nan, kakarki ta riga ni koyarwa.

Arzika bai ɗago kai ba da ya zo nasa:
"Baba ya ce bashin taki ƙaya ce a tafin ƙafa."
Na tambaya, ina kwale-kwalen?
Suka duba, babu.
Bashin ya tsallake da kansa ya zama ƙaya,
ba wanda ya ce kama suka yi,
kowa dai ya ji tsinin yana shiga.
Na rubuta a allo: siffantawa.

Jabbi, ɗan yaron mota ran Asabar,
ya rantse ya ji direba a bakin kasuwa
yana cewa ramin da ke hanyar Jega
ya haɗiye tirela da lodinta,
har ya nemi ƙarin ruwan korawa.
Ƙarya ce? Na tambaye su. Suka ce a'a.
Gaskiya ce? Suka ce ita ma a'a.
Kambamar zulaƙe ke nan, na ce,
gaskiya ce ta sa babbar riga don a lura da ita,
ba don ta ruɗi mai saurarawa.

Sahabi ya zo hannu sake.
"Ni ban samo komi ba, Malam, hwadama ni kwana.
Injinmu ya yi hushi tun la'asar,
ya ƙi magana, sai tari shikai,
sai da Kawu ya lallashe shi da mai
kana ya yarda ya shiga ba kwami ruwa."
Ajin ya yi tsit, sai Luba ta fashe.
Na miƙa masa guntun allin da ya rage:
zo rubuta da hannunka, mai cewa babu,
injin da ke fushi da tari, mutuntarwa.

Saura minti biyu a buga ƙarfe
Hajo ta ɗaga yatsa ɗaya daga jikin taga.
Ba ta cika magana ba tun damina.
"In ƙannena sun tambayi Baba,
Inna kan ce ya tahi hwadamar da ba a ban ruwa."

Ina da sunansa. Yana shafi na talatin.
Na riƙe allin, na dubi allon,
na mayar da shi aljihu ba rubutawa.

Da yamma na bi ta bayan rudun albasa,
mata na tsince ruɓaɓɓu suna warewa.
Wani dattijo ya ce, Malam, lafiya idonka?
Na ce albasa ce, Baba.
Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aunawa.