Yaron da Ɗayyabu Ya Bar Mini

Shagona na nan Wunti, jikin mai gyaran agogo,
tebur ɗaya, benci ɗaya, fanka mai tari.
Shekara talatin ina buga wa mutane maganarsu,
rantsuwar shekaru, cinikin fili, neman aiki,
tun zamanin tafireta mai ƙararrawa.

Kafin Ɗayyabu ya tafi bautar ƙasa
ya yi dare biyu a gaban kwamfutata,
ya ce, "Baba, na ajiye maka yaro a ciki."
Na leƙa allo ban ga kowa ba,
ba hoto, ba taga, ko sallama babu.
Ya ce, "Ai ba ya fitowa.
Kunne ne kawai, ya kasa shi ga yatsunka."

Sai ya kama hannuna
yadda na taɓa kama nasa ranar shiga firamare.
Ƙaramin yatsa a maɓallin kusurwa, manuni a kan R,
takardar rantsuwa ta buɗe da kanta.
A kan F, yarjejeniyar fili da gurbin shaidu uku.
A kan K, harafin ya rusuna ya koma ƙ,
D ta karya hula, B ma ta bi sahu.

Na yi yara a shagon nan, sun fi goma.
Wani barci, wani canji ya maƙale a aljihunsa.
Wannan ko shayi ba ya sha.
Da an kawo wuta ya riga ni zama.
Bashin mutane, kukansu, rigimar gado,
duk ta kunnensa suke wucewa,
bai taɓa kai wa kowa ba.
Abin da aka ce masa, shi ke nan,
ba ƙari, ba ragi.

Tsawar Agusta ta kwantar da na'urar.
Gambo mai gyara ya ɗauke ta kwana uku,
ya dawo da ita yana murna: "Na wanke ta tas!"
Tas ɗin kuwa.
Na danna kusurwa da R, shiru.
Na sake dannawa, kamar mai buga ƙofar gidan da aka tashi.

Wata dattijuwa daga Miri na zaune tana jira
a rubuta wa jikanta wasiƙa.
Ta ce an yi baƙi, na buga, ya fito baki.
Ta ce ƙasa ta sha ruwa, ya fito kasa.
Da ta tafi na gwada rubuta ɗa,
sai ga da a kan allo,
kamar ana gaya mini zancen ya wuce.

Da dare na kira shi, murya na yankewa.
"...aljihun tebur, Baba... ƙarƙashin rasit..."
Can na tarar da fallen takarda da rubutunsa,
mai karkata kamar dawa bayan iska.
Layi goma sha ɗaya:
hagu abin da za a danna,
dama abin da za a yi.

Gambo ya mayar da yaron, amma bai san kowa ba.
Ni na zauna da tabarau a kan hanci
ina karanta masa aikinsa baƙi bayan baƙi,
har ladanin unguwa ya kira isha.
Na danna. Ƙ ta ɗago kai.

Layin ƙarshe ne ban sani ba.
Kusurwa da G, bai taɓa nuna mini ba.
Na danna, sai allo ya rubuta:
Baba, ka gaji. Rufe shago, ka sha maganinka.

Wata takwas yana can a ciki yana jirana,
yatsana bai taɓa ɓata hanya ya kai wurin ba.
Yanzu kullum in mai agogo ya ja ƙyaurensa
nakan danna, in karanta,
in ce to,
sannan in ƙara buga takarda ɗaya.