Bashin Fito

A Na'ibawa, layin 'yan katako,
nake riƙe wa kawuna littafin lissafi.
Tubaifo ɗari, tubaitu hamsin,
afara, obeci, maɗaci mai jan ciki,
garin katako a gira, a aljihu, a kofin shayi.

Baba Sallau ke gadin rumfarmu.
Yatsunsa takwas.
Biyun, in ji shi, ya bar su jingina a kurmi,
can gaba da Ore, inda rana sai ta nemi izini
kafin ta taɓa ƙasa.
Ba ya cin goro, ko na ɗaurin aure.

Ya ce a dajin nan ba a kiran mutum da suna,
inji ya cinye murya, ganye ya haɗiye saura.
Fito ne yare.
Bayarabe, Bahaushe, mutumin Bini,
kowa da harshen uwarsa, amma leɓe ɗaya.
Gajere biyu: kashe inji.
Uku a jere: an sauke tukunya.
Dogo guda, mai hawa kamar kukan shirwa:
yar da abin hannunka,
ƙafa me na ci ban ba ki ba,
itace na tafe.

Muka ce, Baba, ai fito kiran iskoki ne.
Ya yi dariya har da tari:
"To su wa kuke zaton muke wa sallama?
Loko ba a afka masa haka kawai.
Kwana uku ake ba masu gidan notis.
Osaro ya ajiye ƙwai a gindi, ya yi 'yan surkullensa,
ni in koma gefe in yi istigfari,
sannan in raɗa musu:
ku yi haƙuri, aiko mu aka yi."

Amma dogon bai taɓa yi mana ba,
ko mun saya masa shayi mai kauri.
Sai ya ce haƙora sun tafi da shi,
ya juya yana shafa wani falanki
kamar mai laluben suna a jikinsa.

Kawu ne ya ba ni labarin Ilu.
Garinsu ɗaya, mota ɗaya ta kai su.
Ranar, Sallau ne mai fito,
bakinsa cike da goro.
Itacen ya murɗe, ya ƙi hanyar da aka sara masa.
Kafin ya tofar, kafin leɓe ya haɗu,
daji ya yi tsawa, ya yi shiru.
Hula kaɗai ya kai wa uwar.

Wata Laraba bayan la'asar
tirela daga Sapele ta yo baya,
lodi ya wuce kima, sarƙa ta gaji.
Ni kaina na cikin littafi.
A inuwar motar, Ɗanjummai yaron kafinta
ya tsuguna yana tsintar guntaye.

Sai wani abu ya tsaga kasuwa,
siriri, dogo, mai hawa,
ya bi ta kan injuna goma sha biyu ya wuce.
Ba wanda ya koyi yaren nan a cikinmu
amma ƙafa ta riga kunne ganewa.
Yaron ya daka tsalle kamar ya taka garwashi,
katako ya zubo, rugugi da ƙura,
daidai inda ya bar silifas ɗaya.

Muka tarar da Baba zaune a ƙasa,
yatsa biyu a baki, jiki na ɓari.
Aka kawo ruwa, bai sha ba.
Ya ce, "Wannan ba na yaron ba ne.
Na Ilu ne.
Shekara talatin yana maƙale a nan,"
ya nuna maƙogwaro.

Washegari kafintan ya aiko da goro,
farare bakwai a ganye.
Baba ya daɗe yana kallonsu.
Ya ɓare ɗaya, ya miƙo mini rabi,
rabin ya riƙe a tafinsa
har aka kira magariba.