Littafin Cinikin Sallau a Alaba

Na buɗe shago bayan asuba,
Na share ruwan da ya kwana a ƙofa,
Alaba ta farka, ƙarar janareto
Ta cika layi har cikin kunnuwa.

Shekara sha ɗaya a nan nake,
Layin 'yan gem, jikin shagon Obiora,
Shi talabijin, ni akwatin wasa,
Mu raba inuwa, mu raba damuwa.

Da can in Disamba ta kawo kai,
Kwali arba'in ba ya kai sati.
Uba ya zo da ɗa riƙe a hannu,
Ɗan na nuni, uban na taya ciniki,
Faifan ƙwallo kamar ƙosan safe,
Kafin ka juya an gama kwashewa.

Bara na sayar da goma sha bakwai.
Bana shida. Na sake ƙirgawa.
Shidan ne dai, biyu ma bashi,
Ɗaya mai shi ya daina ɗaga waya.
Alƙalami ba ya jin kunyar kowa.

Dala ta hau bene ta janye tsani,
Naira na ƙasa tana ɗaga kai.
Kwantena ta yi wata uku a Apapa,
Kafin ta fito kuɗinta ya haihu.
Sabon akwati ya kamo kuɗin babur,
Wa zai sayi wasa ya bar abin hawa?

Faifai kuwa, sai dai a yi shiru.
Ga su a jere, rana ta koɗe su,
'Yan ƙwallon da ke jikin kwalin
Wasu sun tsufa sun koma koyarwa.
Yanzu ta iska ake ciniki:
Yaro na zaune a Surulere,
Ya sa data, ya danna, ya kwanta,
Kafin safe wasan ya gama saukowa.
Bai san ni ba, ban san shi ba,
Kuɗin ya bi ta saman rufina
Kamar jirgin Ikeja, ƙara kawai nake jiyowa.

Namadi yarona, mai yawan karance-karance,
Ya ce wai can ma inda ake ƙera su
Ana sallamar ma'aikata,
Alhali riba na ta ƙaruwa.
Na ce, wannan jiki lafiya ko cuta?
Ciki ya yi tulu, ƙafafu na ramewa.

Amma fa ban ce an daina wasa ba.
Shiga danfo daga Ojo da yamma,
Kowa ya sunkuya kan wayarsa,
Har kwandasta yatsansa na rawa.
Ƙishi na nan, rijiyar ce ta yi ƙaura,
Mu masu guga aka bari da tsayuwa.

Sukundireba ke ci da ni yanzu:
Linzamin da ya karkace hagu,
Fankar da ta shaƙe, gwanjon da ya gaji,
Da wanda wutar Nepa ta yi wa gasawa.

Jiya Iya Morayo ta zo daga Ajegunle,
Mai ɗakin gem, allo huɗu, benci biyu,
Inda yara ke haɗa canji su buga.
Ta zube linzami takwas a teburina,
Ta ce, “Kafin Asabar fa, Sallau,
Yaran nan sun fi ruwan Yuni tsawa.”

Da magariba ta matso, na ce, Namadi,
Jona tsohon can, kar ya yi tsatsa.
'Ya'yan 'yan dako suka cika ƙofa,
Obiora ya leƙo da kujerarsa.
Na rubuta: saye, babu. Gyara, takwas.
Na ja layi, na ɗauki linzami,
Yaron nan ya ci ni uku da nema,
Na ce sai gobe, akwai ramuwa.