Abin da Mai Dubawa Bai Rubuta Ba

Ran Talata baƙo ya zo daga Yamai da littafi,
ya ƙirga gadaje: goma sha tara.
Ya ƙirga mu: ashirin da uku.
Bai tambayi inda huɗun ke kwana ba.
Ni ne ɗayansu. Tabarmata na bakin ƙofa,
inda iskar Gulbi ke fara sauka in dare ya raba.

Ya leƙa randa, ya leƙa makewayi,
ya ɗaga murfin tukunya ya ce madalla,
don ranar an sa nama.
Mu da muka san miyar Laraba muka yi shiru.

Ni Sahabi, mai gyaran rediyo a Mokoyo a da,
wanda muryoyi suka riƙa bi har gida
bayan ya cire batir, ya rufe shago,
da ni ya miƙa wa alƙalamin,
ga abin da zan sa.

Rubuta Barira.
Albashinta ya yi wata uku a hanya,
amma kullum kabu-kabu na sauke ta kafin hantsi.
Ba ta cewa "mai lamba bakwai",
sai "Sahabi, ka tashi lafiya?"
kuma ta tsaya jiran amsa.
Tsayuwar nan rabin magani ce.

Rubuta zoben ƙarfen da ke kafe a ɗaki na biyu,
gadon masu gidan na farko.
An cire mari, an bar zoben.
Har yau Nomau ba ya taka gefen nan,
kewayewa yake, kamar mai gudun taka kabari.
Guduma ɗaya ta isa. Tun bara muke roƙo.

Rubuta ƙwayar dare, farar nan ƙarama,
mai ƙarewa ran ashirin ga wata.
Kwana goma ana jiran mota,
kwana goma muryoyin na dawowa ɗaya bayan ɗaya
kamar masu bin bashi da suka ji an yi girbi.

Rubuta kuma wadda ake ƙara mana
ranar da ma'aikaci ɗaya ya rage a gida,
don mu yi barci, shi ma ya samu sarari.
Ba na zagin Ilu. Yaro ne, hannu biyu gare shi.
Amma barcin da aka ɗora maka ba hutu ba ne:
ka farka da harshe kamar busasshiyar fata,
yawu a wuyan riga, la'asar ta wuce ka.

Rubuta Tsayabu, da ya shekara bai ce uffan ba.
Aka ba shi bokiti da wani lungu bayan madafa,
ya shuka yakuwa, ya kafa zogale.
Ranar da akuyar maƙwabta ta shigo ta yi ɓarna,
ya zage ta tas, har da kakanninta.
Barira ta rangaɗa guɗa.
Muka yi dariya har muka riƙe ciki.

Rubuta wayar ƙanena, da ba ta shiga tun babbar salla.
Wannan ba laifin gidan ba ne,
amma rubuta, shi ma ciwo ne.

Baƙon ya rufe littafi kafin azahar,
ya tambayi shugaba ko muna da natsuwa.
Muna tsaye, taku uku tsakaninmu da shi.

Da marece Barira ta kawo mini rediyonta,
ta ce ta daina magana, ko zan duba.
Ta ba ni turnabis.
Ƙarfe mai tsini a hannuna, ta juya ta tafi ɗauraye kwanoni,
ba ta ko waiwayo ba.
Waya ce ta tsinke ƙarƙashin batir.
Na haɗa, na murɗa.
Murya ta fito, wani na faɗin farashin gero.
Na ɗaga kai in ga ko ita ma ta ji.

Ta ji.